Libarba: yadda take aiki, inda haɗarinta yake, da abin da doka ta ce

Mahaifina fataucin shanu yake yi, a kasuwar Dei-Dei da ke Abuja na tashi. Bara wani abokina da ke rakiyar tirela zuwa kudu ya ja ni bayan mota, ya zaro wata tsohuwar libarba daga buhu, wai saboda 'yan fashi. Yana juya ta yana dariya, bakinta na kallon cikina. Na ce, "Kai, ɗan uwa, akwai harsashi a ciki?" Ya ce bai sani ba. Tun ranar na shiga bin diddigin wannan bindiga, ga abin da na samo.

Libarba ƙaramar bindiga ce mai ganga da ke juyawa, yawanci da ramuka 6, kowane rami harsashi ɗaya. Tsohon samfurinta shi ne wanda sai an ja guduma baya da babban yatsa kafin kowane harbi, kunama kuma sakin gudumar kawai take yi. Wadda ta fi suna ita ce Colt ta 1873, ta finafinan kaboyi. Da zarar an ja gudumar, ɗan taɓi kaɗan ya isa ta tashi.

Babban haɗarinta a nan yake: idan guduma ta kwanta a kan rami mai harsashi, tsinkenta na jingine da gindin harsashin. Ta faɗi ƙasa ko wani abu ya bugi gudumar, sai ta tashi ba tare da an taɓa kunama ba. Shi ya sa masu ita ke zuba 5, ba 6 ba. Sukan ja guduma rabi, su buɗe ƙofar da ke gefen dama, su sa ɗaya, su tsallake rami ɗaya, su sa huɗu. Sai su rufe, su ja gudumar har ƙarshe, su sauke ta a hankali, ta kwanta a kan ramin da babu komai. A 1973 kamfanin Ruger na Amurka ya ƙara wani ƙarfe tsakanin guduma da tsinke don maganin wannan. Amma wanda bai san bindiga ba, ba zai gane wace iri ce a hannunsa ba.

Ƙa'idojin riƙo kuwa ba su da yawa. Ka ɗauka kullum akwai harsashi. Kada bakinta ya kalli mutum ko dabba, ko da wasa. Yatsa ya yi nesa da kunama. In an miƙo maka aka ce babu komai, a buɗe a duba kowane rami a gabanka. A ranar 21 ga Oktoba 2021, wajen ɗaukar fim ɗin Rust a Amurka, irin wannan libarbar ta tashi a hannun Alec Baldwin ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, bayan an gaya masa babu harsashin gaske a ciki.

To, sai maganar doka, wadda ta fi shafarmu. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su uku. Bindigar toka, kwamishinan 'yan sanda ke ba da lasisinta. Ta farauta mai harsashi, Sufeto Janar. Libarba da fistol kuwa suna cikin haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini, doka ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da ba da lasisin ƙananan bindigogi.

Ku da ke Shasha, Agege ko Lokpanta kun fi ni sanin hanya. A watan Maris 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar Kano daga Fatakwal, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Zalunci ne aka yi musu, Allah ya ji ƙansu. Amma ya nuna mana yadda ganin bindiga a motar ɗan arewa ke jawo wa duk wanda ke ciki bala'i.

Idan ka tsinci libarba, ko ka same ta a kayan gado, kada ka ɗauka, kada ka gwada ja mata guduma. Kori yara daga wurin, ka sanar da Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa, ku je caji ofis tare, 'yan sanda su zo su ɗauka da kansu.

Abokina dai mahaifina ya ce ba zai sake hawa motarmu da ita ba. Allah ya tsare mu a hanya, ya mai da kowa gida lafiya.