Daga Likkafa Zuwa Feda

Duk wanda ya tsaya da sanyin safiya a mahaɗar Sofoline, inda hanyar Sunyani ta fita daga Kumasi ta gefen Kwalejin Prempeh, zai iya ganin masu keke iri biyu. Akwai ɗan zango mai silifa da ke taka feda shimfiɗaɗɗiya, akwai kuma matashi mai keken tsere wanda takalminsa ke maƙale da fedarsa. Bambancin nasu yana ƙarƙashin tafin ƙafa, kuma yana da dogon tarihi.

Kakannin mutanen zango fataken goro ne. Da yawansu sun baro Salaga bayan yaƙin basasar 1892, suka gangaro Kumasi bayan Ingilishi sun kama ta a 1896. Sun fito daga ƙasar da ta san doki da kayansa, musamman sirdi da likkafa, kalmomi biyu da Hausa ta aro daga Larabci. Da sabon abin hawa ya iso, sai aka kira shi keke daga Yarbanci, ko basukur daga Ingilishi, aka yi masa kirari da dokin ƙarfe. Mazauninsa ya gaji sunan sirdi, amma matakinsa bai gaji sunan likkafa ba, aka ce masa feda. Hausawa sun yi daidai, domin likkafa tana rungume ƙafa, ita kuwa feda ɗora mata ƙafar kawai ake yi.

A Turai ma keken farko bai zo da feda ba. Wanda Karl von Drais ya ƙera a Jamus a 1817, da ƙafa ake tunkuɗa shi a ƙasa. Sai a shekarun 1860 maƙeran Faris, irin su Pierre Michaux da Pierre Lallement, suka ɗaura feda a tayar gaba. A 1885 John Kemp Starley na Ingila ya fito da keke mai sarƙa da ke juya tayar baya, wato siffar da aka sani a yau.

Masu tsere ne suka mayar da feda likkafa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 suke zura yatsu cikin ɗan kejin ƙarfe, su ɗaure da tsirkiyar fata don kada ƙafa ta zame. Illarsa ita ce sai an sa hannu an kwance kafin a sauka. A 1984 kamfanin Look na Faransa ya kawo feda mai cafke wani maƙali da ke ƙasan takalmi, wadda ke sakin ƙafa da zarar an murɗa diddige waje. Bernard Hinault ya lashe gasar Tour de France da ita a 1985. A 1990 Shimano na Japan ya fitar da SPD, mai ƙaramin maƙali da ke nutse cikin tafin takalmin, har a iya tafiya da shi a ƙasa.

Saboda haka mai sabon keken tsere yana da zaɓi uku a gabansa. Maƙali mai kusa uku, da takalmi mai taurin tafi, na doguwar hanya ne marar tsaye-tsaye. Mai kusa biyu ya dace da wanda zai sauka ya shiga kasuwa. Feda shimfiɗaɗɗiya kuwa kowane takalmi nata ne. A cunkoson Sofoline, inda motar haya ke cin birki ba sallama, wanda bai koyi murɗa diddige ba zai kife da kekensa a gaban mota.

Bahaushe yakan ce likkafa ta yi gaba idan mutum ya sami ɗaukaka. Amma mahayan da sun san cewa wanda ya faɗo ƙafarsa na cikin likkafa, jan sa doki yake yi a ƙasa. Don haka ya kamata sabon mahayi ya jingina da bango, ya yi ta koyon zare ƙafa har ta saba, kafin ya hau titi.