Tarihin Memorin Gem: Saye Ka Yi Ko Haya?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Makon jiya ƙanina ya same ni da wata tambaya. Shekara biyu ke nan yana tara kuɗi, yana so ya buɗe ɗan gidan gem a unguwarmu. Ya ce, "Yaya, wacce zan saya? Mai sauƙin kuɗin nan da ba ta cin faifai, ko in ƙara haƙuri in sayi babbar?" Na ce ya ba ni kwana biyu, don jarinsa ne kacokan, ba abin amsawa a tsaye ba ne. Da na zauna na bi tarihin waɗannan na'urori, sai na ga amsar tana can ciki.

Mu fara daga tushe. Na'urar gem ta farko da aka sayar don amfanin gida ita ce Magnavox Odyssey, a Amurka, a 1972. A 1976 aka fito da Fairchild Channel F, ta farko da ake zura wa kaset mai ɗauke da gem a cikinsa. Injiniyan da ya jagoranci aikin baƙar fata ne ɗan Amurka, sunansa Jerry Lawson. A wancan zamani babu mai tambayar girman memori, domin komai yana cikin kaset ɗin. Super Mario Bros. da Nintendo ya fitar a 1985, gaba ɗayansa kusan kilobait 40 ne. Hoto guda da ka ɗauka da wayarka yau ya ninka shi sau da yawa. Ka sayi kaset, ya zama naka. Ka ara wa aboki, ka sayar, ka bar wa ƙanenka.

A ƙarshen 1994 kamfanin Sony ya fito da PlayStation a Japan, ya koma amfani da faifan CD mai ɗaukar kusan megabait 650. Nintendo kuwa ya tsaya a kan kaset, wanda a Nintendo 64 mafi girmansa bai wuce megabait 64 ba. Wannan bambanci ya sa masu ƙera gem da dama suka sauya sheƙa. Final Fantasy VII na 1997 a PlayStation ya fito, a kan faifai uku. Amma faifan CD yana da matsala ɗaya: ba a iya ajiye inda ka tsaya a kansa. Sai aka ce ka sayi katin memori daban, mai kilobait 128, an raba shi gida 15. Daga nan wurin ajiya ya zama kaya mai kuɗinsa, kuma mai saye ne ke biya.

'Yan zamaninmu sun fi sanin PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, aka sayar da sama da miliyan 150. Katinta megabait 8 ne. Ina tuna wani hutu da na kwashe ina gina ƙungiyata a gem ɗin ƙwallo, wani abokina ya zo ya goge ta don ya samu wurin ajiye tasa. Wallahi sati guda ban yi masa magana ba. Duk da haka, faifan yana hannuna, katin yana aljihuna. Babu wanda zai zauna a wata ƙasa ya hana ni bugawa.

A 2001 Microsoft ya shigo da Xbox, da ma'aji mai gigabait 8 a cikin na'urar kanta. Daga nan aka fara sayar da na'ura iri ɗaya a farashi biyu. Xbox 360 ta 2005 ta zo da mai gigabait 20 da kuma marar ma'aji. PlayStation 3 ta 2006 ta zo da mai gigabait 20 a dala 499, da mai 60 a dala 599. Tambayar da ƙanina ya yi mini, a wannan lokacin aka haife ta.

To, 2013 ce shekarar da nake so ku riƙe. PlayStation 4 da Xbox One duk sun zo da gigabait 500, kuma daga lokacin ko da faifai ka saya, sai an kwafe gem ɗin cikin na'ura kafin ka buga. A shekarar Microsoft ya sanar cewa sai Xbox One ta hau intanet sau ɗaya a kowace awa 24, kuma za a sa sharaɗi a kan ara ko sayar da faifan hannu. Ku yi tunanin wannan doka a garin da wuta ke yin kwana biyu ba ta zo ba. Jama'a suka yi ca, kamfanin ya janye a watan Yuni, tun kafin na'urar ta shiga kasuwa. Masu saye sun yi magana da murya ɗaya, an ji su.

Sai dai abin da aka kasa yi da doka, an zo ana yin sa da farashi. A 2020 Xbox Series S ta fito a dala 299, ba ta cin faifai, an rubuta mata gigabait 512, amma abin da ke rage maka bayan na'urar ta ɗauki nata kusan 364 ne. PlayStation 5 da ta fito a 2020 an rubuta mata 825, ana samun kusan 667, kuma a lokacin marar faifai ta fi mai faifai sauƙi da dala 100. Su kuwa gem ɗin sai ƙiba suke yi. Red Dead Redemption 2 na 2018 kusan gigabait 100 ne, faifai biyu ya zo da su a PlayStation 4. Uku irinsa sun kusa cika Series S.

Wanda ke da intanet marar iyaka a gidansa, in wuri ya cika sai ya goge ɗaya, gobe ya sake saukewa. Mu fa? Ka duba nawa kake sayen gigabait 100, ka ƙara awannin da za ka zauna kana addu'ar kada a ɗauke wuta. A wurinmu duk gem ɗin da ka goge, ka yi kamar ka zubar da kuɗin datarsa. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe.

Akwai abin da ya fi wannan. Wani lokacin in ka goge, ba ka sake samu. A 2015 Konami ya cire P.T. daga shagon PlayStation, waɗanda suka goge shi suka kasa sake sauke shi. A 2023 Nintendo ya rufe shagon saye na Wii U da 3DS. A 2024 Ubisoft ya kashe The Crew, gem ɗin da ba ya aiki sai da intanet, har waɗanda suka saye shi a faifai suka wayi gari ba ya buɗewa. Wannan ne ya haifar da gwagwarmayar Stop Killing Games, wadda ta tara sa hannun mutum sama da miliyan 1 a Tarayyar Turai. Ka ga ko faifan ma ba ya tsare ka daga komai, amma ya fi babu.

To me na gaya wa ƙanina? Abu uku. Na farko, ya rubuta gem ɗin da yara za su buga da gaske. Gidan gem ƙwallo ce da faɗa da tsere, uku ko huɗu, gigabait 500 za ta ɗauke su in bai yi zari ba. Na biyu, ya zaɓi mai cin faifai, ko da ta hannu ce, domin faifai yana rage shan data, kuma ranar da ya gaji da shi zai iya sayarwa ko musaya. Na uku, ya tambayi yadda ake ƙara memori kafin ya biya. PlayStation 4 tana karɓar ma'aji na waje ta USB, PlayStation 5 tana da gurbin da ake saka SSD irin na kasuwa, Xbox Series kuwa sai katinta na musamman in har sababbin gem za ka buga daga kai. Memori ana iya ƙarawa daga baya, amma Series S ba za ta taɓa cin faifai ba.

Ya saurare ni, ya ce zai ƙara wata biyu yana tari. Allah ya sa wa jarin albarka.

Ku fa, wace na'ura kuka fara bugawa, kuma wa ya taɓa goge muku ajiya? Ku gaya mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.