Samuwar Ginshiƙan Dutsen Basalti: Rawar Tsukewa, Saurin Hucewa da Ruwa

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda narkakken dutsen da ya kwararo daga dutse mai aman wuta yake tsattsagewa ya zama ginshiƙai masu kusurwoyi yayin da yake hucewa. An dogara da abin da masana suka gani da ido a tafkunan narkakken dutse na Kilauea a Hawai, da alamun da ke jikin ginshiƙan, da gwaje-gwajen ɗakin bincike. Matsayin maƙalar shi ne, ɓangarori shida da ake yawan mamakinsu lissafi ne ya tilasta su, kuma abin da ya fi cancantar a bi diddiginsa shi ne kaurin ginshiƙi da daidaituwarsa, domin su ne ke riƙe da labarin saurin hucewar dutsen da yawan ruwan da ya ratsa shi.

1.0 Gabatarwa

A gaɓar tekun gundumar Antrim da ke Ailan ta Arewa akwai wurin da ake kira Giant's Causeway, inda ginshiƙan baƙin dutse kusan 40,000 suke tsaye manne da juna, mafi tsawonsu ya kai mita 12. Sun samu ne daga malalar basalti ta shekaru miliyan 50 zuwa 60 da suka wuce, kuma UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 1986. Irin waɗannan ginshiƙai suna nan a tsibirin Staffa na Sikotilan, da Svartifoss a Aislan, da Devils Postpile a jihar Kalifoniya ta Amurka. A 2009 ma an ba da rahoton ganinsu a hotunan yankin Marte Vallis na duniyar Mas. Yawan wuraren ya nuna cewa dokar da ke samar da su ɗaya ce, kuma ba ta buƙatar wani sinadari na musamman.

An daɗe ana jayayya kan asalinsu. Abraham Werner na makarantar ma'adinai ta Freiberg da almajiransa sun ɗauka basalti daga ruwan wani daɗaɗɗen teku ya kwanta. Nicolas Desmarest, tun a 1763, ya bi sawun ginshiƙan yankin Auvergne na Faransa har ya kai su ga tsohuwar malalar da ta fito daga bakin dutse mai aman wuta. Robert Mallet (1875) ya ƙarfafa bayanin da aka tsaya a kansa yau: dutse mai hucewa yana tsukewa, tsukewar ce ke tsaga shi.

2.0 Hucewa da tsukewa

Basalti yana fitowa daga cikin ƙasa da zafin digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyos. Sinadarin silika a cikinsa bai wuce kashi 45 zuwa 52 cikin 100 ba, shi ya sa ba ya da kauri sosai, yana gudu da nisa, kuma idan ya tarar da kwari sai ya cika shi ya kwanta. Wannan kwanciyar ita ce sharaɗi na farko. Malala siririya takan huce cikin 'yan sa'o'i ta farfashe ba tsari. Wadda ta taru ta yi zurfi ita ce ke samun lokacin yin ginshiƙai.

Zafi yana fita ta sama zuwa iska, yana kuma fita ta ƙasa zuwa dutsen da malalar ta kwanta a kai. Saboda haka ɓawo biyu ne ke samuwa, kowanne yana ƙara kauri yana nufar tsakiya. Ma'aunin da Hon da abokan aikinsa (1994) suka yi a Hawai ya nuna cewa ɓawon sama yakan kai kaurin mita ɗaya a kimanin mako guda, amma kafin ya kai mita goma sai an kusa shekara biyu, domin ninka kaurin sau biyu yana cin lokaci ninki huɗu. Tafkin Kilauea Iki, wanda aman wutar 1959 ya cika da narkakken dutse mai zurfin fiye da mita 100, ya haura shekara 30 kafin cikinsa ya gama daskarewa.

Duk tsukewar da basalti zai yi daga daskarewarsa har ya huce sarai ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tsawonsa ba. Kaɗan ce, amma dutsen yana manne da abin da ke kewaye da shi, ba shi da damar janyewa wuri guda. Muddin yana da sauran taushi, yakan saki jiki ya shanye jan da ake yi masa. Da zarar ya yi tauri, jan ya fi ƙarfinsa, sai ya tsage. Lamur da abokan aikinsa na Jami'ar Liverpool (2018) sun ɗaure guntayen basalti na dutsen Eyjafjallajökull a na'ura, suka bar su suna hucewa ba tare da damar tsukewa ba. Dutsen yana daskarewa a digiri 980, amma bai tsage ba sai tsakanin digiri 890 da 840. Wato bakin tsagar koyaushe yana biye da iyakar daskarewa, da tazarar digiri 90 zuwa 140 a tsakaninsu.

3.0 Tsaga mai tafiya mataki-mataki

Peck da Minakami (1968) sun tsaya a kan ɓawon tafkunan Kilauea suna kallon tsage-tsagen farko suna buɗewa jim kaɗan bayan ɓawon ya samu, cikinsu na haske ja, sannan suka bi yadda suke nutsawa ƙasa a hankali. Abin da ido bai iya gani a can ciki, jikin tsofaffin ginshiƙai ya adana shi.

Wanda ya matsa kusa da fuskar ginshiƙin da bai zaizaye ba zai ga layuka a kwance sun raba ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa 'yan santimita. Idan ya shafa gaɓa ɗaya da yatsa zai ji sashe mai santsi, sai kuma siririn sashe mai kaushi kafin gaɓa ta gaba. Idan hasken rana ya bugi fuskar daga gefe, wani zane mai siffar gashin tsuntsu yakan bayyana a kan santsin: ɗigo guda, da layuka sirara da suka bazu daga gare shi. Ryan da Sammis (1978) sun fassara gaɓoɓin da cewa kowace ɗaya tsalle guda ne na tsagar. Jan tsukewa yakan taru har ya kai maƙura, tsagar ta ruga ta cikin dutse mai tauri ta bar santsi, ta shiga sashen da ya fi zafi da taushi ta dakushe ta bar kaushi, ta tsaya jiran hucewa ta ƙara gaba. DeGraff da Aydin (1987) sun nuna cewa ɗigon zanen shi ne inda sabon tsallen ya fara, kuma yana zaune ne a gefen da ke manne da tsohuwar gaɓa. Da wannan ake gane inda tsagar ta dosa: na sashen sama sun gangaro, na sashen ƙasa sun hauro, kuma sukan haɗu a ƙasa da tsakiyar malalar saboda sama ta fi saurin hucewa.

A ganin wannan maƙala, waɗannan alamu su ne hujja mafi ƙarfi a duk fagen. Kantha (1981) ya kawo ra'ayin cewa juyawar narkakken dutsen tun kafin ya daskare ita ke shata iyakokin ginshiƙai. Ra'ayi ne mai jan hankali, sai dai bai bayyana dalilin da ya sa fuskar ginshiƙi take ɗan kaucewa daga gaɓa zuwa gaɓa ba, kuma bai bayyana ginshiƙan da ke samuwa a abubuwan da ba su taɓa narkewa ba.

Tunda tsagar tana bin hanyar da zafi ke fita, ginshiƙi kullum yana tsaye ne a kan fuskar da ta sanyaya shi. A shimfiɗaɗɗiyar malala yana tsaye. A basaltin da ya daskare cikin tsagar ƙasa mai miƙewa sama yana kwance, daga bango zuwa bango. A gangaren tsohon kwari yana karkata.

4.0 Batun ɓangarori shida

Tsage-tsagen saman malala ba su da tsari. Sun yi kama da na laka a tafkin da ya ƙafe da rani: tsaga ta farko ta wuce, ta biyu ta zo ta same ta a kusurwar digiri 90, saboda ta farkon ta riga ta sauke jan da ke gicciye da ita. A bushewa guda, laka sau ɗaya take tsagewa, tsarin ya tsaya a nan. Basalti kuwa yana maimaita tsagewar ɗaruruwan lokuta, kuma a kowane tsalle mahaɗar tsage-tsagen tana ɗan gusawa zuwa inda za ta fi sauke jan. Aydin da DeGraff (1988) sun bi wannan sauyi daga saman malala zuwa ciki, suka ga kusurwoyin suna komawa kusan digiri 120 kowacce. Lissafin kwamfuta na Hofmann da abokan aikinsa a Dresden (2015) ya sake samar da sauyin.

Akwai wani abin da ake yawan tsallakewa. Ƙa'idar lissafi ta Euler ta tabbatar da cewa duk shimfiɗar da aka rarraba ta yadda layi uku ne ke haɗuwa a kowace mahaɗa, matsakaicin adadin ɓangarorin yankunanta shida ne, ko yankunan sun daidaita ko ba su daidaita ba. Shi ya sa masu ɓangare biyar da bakwai suke da yawa ko a Giant's Causeway, har da masu huɗu da takwas. Ƙirga ɓangarori kaɗai ba ya faɗa wa mai bincike abu mai yawa. Ma'aunin da ke da amfani shi ne yadda faɗin ginshiƙan ya kusanci juna, da yadda kusurwoyin suka kusanci digiri 120.

5.0 Kauri, da abin da ruwa ke yi

Müller (1998) ya kwaɓa sitaci da ruwa ya busar da shi a ƙarƙashin fitila, ya sami ginshiƙai masu kaurin 'yan milimita. A nan fitar ruwa ce ta tsaya a matsayin fitar zafi. Goehring, Mahadevan da Morris (2009) sun sarrafa saurin bushewar, suka nuna cewa faɗin ginshiƙi yana raguwa gwargwadon ƙaruwar saurin tafiyar tsagar, kuma dangantaka ɗaya ce ta haɗa sitaci da basalti. Ma'aunin fili ya kuma nuna cewa tsawon gaɓa yana bin faɗin fuskar ginshiƙi, yawanci bai kai kashi ɗaya cikin biyar nata ba.

Wannan ya haifar da tambaya. Idan hucewa tana ƙara jinkiri da zurfi kamar yadda aka bayyana a sashe na 2.0, ya kamata ginshiƙai su riƙa kumbura yayin da suke nutsawa. Amma akan ga ginshiƙi ya yi mita goma ko fiye da kauri iri ɗaya. Hardee (1980), daga bayanan haƙar rijiyoyin gwaji a Kilauea Iki, ya nuna cewa bayan 'yan shekarun farko ɓawon ya koma ƙaruwa da sauri ɗaya. Dalili shi ne ruwan sama yana bin tsage-tsagen ya gangara, ya tafasa, tururin ya kwashe zafi ya hauro. Tsagar tana buɗe wa ruwa hanya, ruwan yana sanyaya bakin tsagar, ita kuma ta ƙara gaba. Mutanen Heimaey a Aislan sun yi amfani da wannan a 1973, lokacin da suka yi ta tura ruwan teku a kan malalar Eldfell don kare tashar jiragen ruwansu.

Idan ruwan ya yi yawa, tsarin yakan lalace. Tomkeieff (1940) ya bambance sahu biyu a malalar Antrim: na ƙasa mai ginshiƙai masu kauri a miƙe, da na samansa mai sirara, murɗaɗɗu, wasu a baje ta ko'ina. Long da Wood (1986) sun duba irin wannan rabuwa a basaltin kogin Columbia a Amurka, suka tarar murɗaɗɗen sahun ya fi yawan gilashi a cikin ƙwayoyinsa, alamar hucewar gaggawa. Sun danganta hakan da ambaliyar da ta rufe saman malalar tana da zafi. Bayanin ya dace da Antrim, inda malalar ta cika kwarin da ruwa ya sassaƙa a cikin jan marmara, kuma har yau jan layin marmarar yana bayyane a jikin gaɓar. Malalar da ta toshe kogi, kogin yakan dawo ya bi ta kanta.

6.0 Abin da wannan ke nufi ga basaltin Nijeriya

Tsaunukan Biu a jihar Borno basalti ne ya lulluɓe su, haka ma wasu sassan tsaunukan Jos, musamman wajen Panyam da Kerang. A Jos, malalar ta cika tsofaffin kwaruruka ta binne tsakuwar da ke ɗauke da kuza, abin da masu haƙar ma'adinai suka daɗe da sani. Wannan shi ne yanayin da ya haɗa sharuɗɗan biyu, taruwa mai zurfi da ruwan kogi, kuma duwatsun Kahwang na ƙaramar hukumar Riyom suna cikin wuraren da ginshiƙan suka fito fili.

Aikin da irin waɗannan wurare ke buƙata bai fi ƙarfin ɗalibin sashen nazarin duwatsu ba: tef na awo, da kamfas, da haƙuri. A auna faɗin fuskokin ginshiƙai masu yawa a tsayi daban-daban, a auna tsawon gaɓoɓi a fuskokin nan dai, a rubuta inda zanen gashin tsuntsu ya dosa, a kuma nemi iyakar sahun ƙasa da murɗaɗɗen sahu idan akwai. Daga nan ana iya ƙiyasta saurin hucewar malalar, da ainihin kaurinta ko da zaizaya ta cinye samanta. Matsalar ita ce damina da zafin yankinmu suna saurin cin fuskar basalti su shafe gaɓoɓin, don haka fuskokin da suka fi dacewa da awo su ne waɗanda kogi ko aikin fasa dutse ya tone kwanan nan, kuma a wuraren fasa dutse dole a yi awon kafin injin ya kai gare su.