Dukiyar Tarihi a Ƙasar Zamfara

Sunan Dareta ta ƙasar Anka ya bazu a 2010 saboda haƙar zinariya da gubar dalma wadda ta hallaka yara. Amma ƙarƙashin ƙasar Zamfara akwai wata dukiyar daban. Kufai irin na Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci a ƙarni na 18, su ke riƙe da shaidar zaman mutanen dā. Masani yakan ƙiyasta shekarun tsingaro ne daga zurfin da ya same shi, da abubuwan da ke kewaye da shi. Idan aka tono shi barkatai aka sayar, shaidarsa ta mutu. Shi ya sa dokar 1979 ta haramta tono ba izini. Tsaron kufai kuwa, daga hakimai da dagatai ya kamata ya fara.