Ƙa'idar shigar jirgin ruwan shaƙatawa tashar ƙasar waje

Jirgin ruwan shaƙatawa, irin waɗanda muke gani a Ikoyi, ba ya tsayawa inda ya ga dama idan ya je wata ƙasa, sai tashar da hukuma ta ware. Na ɗauki Ostireliya misali saboda tsaurinta: dole kyaftin ya sanar da hukuma aƙalla awa 96 kafin isowa, in ba haka ba ya sha tara. Da isarsa zai ɗaga tuta ruwan ɗorawa, kuma ba mai sauka sai jami'an kan iyaka sun duba fasfo, biza da takardun jirgin. Masu binciken cututtuka kuwa sukan kwashe ɗanyen nama, ƙwai da 'ya'yan itace. Kilishi ma, ni dai shawarata, a cinye shi tun a teku.