Anfirme ma na iya kaiwa digirin dokta

Kwanan baya ƴar ƙanwata ta ci BAC, ta ce ita makarantar anfirme za ta shiga. Babanta ya ɓata rai, ya same ni gida ya ce: "Yaya, ka yi mata magana. Wannan aiki ba ya da gaba, allura ce da wanke ciwo har ritaya." Na daɗe ina koyar da tarihi a lise, amma ranar na rasa amsar da zan ba shi. Sai na koma bincike.

Labarin ya faro daga Florence Nightingale, wadda ta tafi jinyar sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya a 1854. Ta riƙa ƙidaya mamata tana rubuta sanadin mutuwarsu, har ta nuna cewa cututtukan da ƙazanta ke kawowa sun fi raunin yaƙi kisa. A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan.

Duk da haka, horon ya daɗe a hannun asibitoci, ɗaliba na koyo tana yi musu aiki. Amurka ce ta fara kai shi jami'a: a 1899 jami'ar Kolumbiya da ke New York ta buɗe wa masu jinya darasi, a 1907 Adelaide Nutting ta zama farfesar jinya ta farko a can. Waɗanda suka fara samun digirin dokta, yawanci a fannin koyarwa suka same shi, don lokacin ba a ɗauki jinya ilimi mai zaman kansa ba. A 1952 suka kafa mujallar bincikensu, Nursing Research. Jami'ar Edinburgh ta buɗe sashen jinya a 1956, ta Ibadan a Najeriya kuma a 1965.

Me wannan ya amfana wa majinyaci? A 1962 wata anfirme a Ingila, Doreen Norton, ta fito da ma'aunin gane wanda gyambon kwanciya zai iya kamawa, ta kuma nuna cewa yawan juya shi na hana gyambon. A 2002 Linda Aiken ta bincika asibitoci 168 a jihar Pennsylvania, ta gano duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa anfirme, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata na ƙaruwa da kashi 7 cikin 100.

Mu a Nijar tsarin Faransa muka gada, ita kuwa ta makara a wannan fanni. Sai a 2009 ta daidaita takardar anfirme da lisansi, a 2018 ta buɗe masta na ƙwararrun masu jinya, a 2019 ta amince da jinya cikin fannonin da ake naɗa malaman jami'a. Shi ya sa ban ga laifin mijin ƙanwata ba, abin da ya tashi ya gani ke nan.

Amma ku leƙa CSI na ƙauye da damina, lokacin da masassarar sauro da tamowa suka haɗu. Anfirme ke duba yaro, shi ke rubuta magani, shi ke cika rajista. Ya san ƙauyen da mata ba sa zuwa awo da dalilin haka. In bai koyi bincike ba, lambobinsa su tafi Yamai, wani ya yi rubutu da su, abin da shi ya sani kuwa ya bi shi ritaya.

Malamai, mu daina tura yara jinya a matsayin mafakar wanda ya rasa likitanci. Mu matsa musu kan lissafi da Ingilishi, da su ake bincike. Iyaye kuma, kafin ku biya kuɗin makaranta, ku tambaya ko gwamnati ta amince da takardarta, ko kuma tana ba da damar wucewa masta.

Mijin ƙanwata ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai yi shawara. Ita dai yarinyar ta riga ta haɗa takardunta.