Baƙin da Ya Koma Shunayya: Tarihin Aibin Hoto a Sababbin Kyamarorin Dijital

A watan Nuwamba na 2006 ne kyamarar Leica M8 ta fara isa hannun waɗanda suka yi odarta. Mutane ne da suka daɗe suna jira, kuma kowannensu ya biya kusan dalar Amurka 4,800 kafin ya sayi ko da gilashin ido guda da zai ɗaura mata. Ba a yi kwanaki da yawa ba sai ƙorafi ya tashi. Mutum zai ɗauki ango sanye da baƙar kwat, in ya duba hoton sai ya ga kwat ɗin ta zama shunayya. Baƙar jaka, baƙar riga, igiyar rataya kyamara, duk haka. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne ba kowane baƙi ne ke sauyawa ba: yawancin abin da ke rikiɗewa yadin roba ne, irin su nailan da foliyesta, alhali wani baƙin da ke kusa da shi a cikin hoto ɗaya yana nan yadda yake.

Ɗalibin da ke son fahimtar wannan lamari sai ya koma baya kaɗan. A zamanin fim, kamfanin da ya ƙera kyamara ba shi ne ke da alhakin launi ba. Aikinsa akwati ne mai hana haske shiga, da gilashin ido, da labulen da ke buɗewa ya rufe a kan lokaci. Launi da laushin hoto aikin masu yin fim ne, irin su Kodak da Fujifilm da Agfa. Idan nadin fim ya zo da matsala, sai a jefar da shi a sayi wani, kyamara kuwa tana nan lafiya. Tun daga allon kama haske na CCD da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Bell Labs a 1969, da kyamarar gwaji da Steven Sasson ya harhaɗa a Kodak a 1975, wannan rabon aiki ya kama hanyar rushewa. A kyamarar dijital, abin da ya maye gurbin fim allo ne guda, wanda masu sana'a ke kira sansa, an kafe shi a ciki. Duk aibin da ya zo da shi daga masana'anta zai bayyana a kowane hoto har ranar da aka buɗe kyamarar aka sauya shi. A ganina wannan ne tushen duk labaran da za su biyo baya.

Leica ta shiga wannan zamani a makare, kuma cikin ƙunci. A 2005 kamfanin, wanda a lokacin yake garin Solms na Jamus, ya kusa durƙushewa saboda rashin kuɗi. Shekara guda kafin nan, kamfanin Epson na Japan ya riga ya fitar da R-D1, kyamarar dijital da ke karɓar gilasan Leica. Ke nan matsin lamba ya yi yawa. Amma akwai wata matsala ta kimiyya da ba a iya kauce mata da gaggawa.

Tsarin kyamarorin M ya samo asali ne daga M3 ta 1954. A wannan tsari, tazarar da ke tsakanin mazaunin gilashin ido da fim milimita 27.8 ce kawai, alhali a tsarin Nikon F milimita 46.5 ce, domin can akwai madubi a tsakani. Gilashi da ke kusa da fim haka yana jefa haske zuwa kusurwoyin hoto a karkace. Fim bai damu da wannan ba. Sansa kuwa ta damu ƙwarai, saboda dalili biyu. Na farko, kowane ɗigon kama haske kamar ƴar rijiya yake, hasken da ya zo a karkace ba ya kaiwa gindinta sosai. Na biyu, kuma shi ne ya fi shafar labarinmu, idon ɗan'adam yana ganin haske ne daga kimanin nanomita 400 zuwa 700, amma silikon da ake yin sansa da shi yana ci gaba da gani har wajen nanomita 1,100, wato cikin hasken infared wanda mu ba mu gani. Don haka kowace kyamarar dijital ta yau da kullum tana da gilashin tacewa a gaban sansa, wanda ke tare wannan haske. Idan gilashin ya yi kauri, yana tacewa da kyau, amma hasken da ya ratsa shi a karkace yakan lanƙwashe, kusurwoyin hoto su dusashe. Idan ya yi siriri, hoto ya fito garau har gefe, amma infared ya kutsa.

Injiniyoyin Leica suka zaɓi siriri. Gilashin da aka sa a kan sansar Kodak mai ɗigo miliyan 10.3 ta M8 kaurinsa rabin milimita ne. Ana iya fahimtar dalilinsu: sunan kamfanin kacokan ya rataya ne a kan kaifin gilasansa, kuma ba za su yarda a ce gilashin da ya yi fice a kan fim ya zama mai hazo a kan dijital ba. Sai dai garin neman gira aka taɓa ido. Rinin da ake yi wa yadin roba da yawa yana shanye hasken da muke gani, shi ya sa muke ce masa baƙi, amma yana mayar da infared kamar farin ƙyalle. Wannan haske yana ratsa matatun ja da kore da shuɗi da ke kan ɗigogin sansa, kuma bayan kyamara ta daidaita launi sai abin ya fito shunayya. A ƙarƙashin ƙwan fitila mai zare, wanda ke fitar da infared mai yawa, abin ya fi muni. Ba a kuma iya gyara shi sarai da manhaja, domin lambobin da sansa ke bayarwa a kan baƙar rigar da ta rikiɗe ba su da wata alama da za ta bambanta su da na riga mai shunayya ta gaskiya. Duk gyaran da ya mayar da ɗaya baƙi zai ɓata ɗayar.

Ba wannan kaɗai ba ne aibin M8 na farko. Idan akwai fitila mai ƙarfi a cikin hoto ko a bakinsa, wani zane yakan ratsa hoton, wani lokaci kuma a ga koren tabo ya bayyana a ɗaya ɓangaren kamar inuwar fitilar. Waɗannan daga na'urorin lantarki suke, kuma kafin watan Nuwamba ya ƙare kamfanin ya sanar cewa zai karɓi kyamarorin da aka riga aka sayar ya gyara su kyauta. Game da infared kuwa, maganin da aka bayar shi ne gilasan tacewa guda biyu kyauta ga kowane mai saye, waɗanda zai riƙa murɗawa a gaban gilashin ido. Wanda ke da gilasai biyar sai ya sayi sauran uku da kuɗinsa. Maganin ma ya zo da tasa cutar: a kan gilasai masu faɗin gani, matatar tana sa kusurwoyin hoto su yi shuɗi-kore, sai da aka sabunta manhajar cikin kyamara don ta goge wannan, ita kuma ba ta iya yi sai ta gane wane gilashi aka ɗaura mata ta wasu ɗigogi shida na fari da baƙi da ake sawa a gindinsa. Tsofaffin gilasai sai an kai su an yi musu ɗigogin. Ko M8.2 da ta fito a 2008 ba ta rabu da buƙatar matatar ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata mai nazarin aikin jarida ya tsaya a kansa. Michael Reichmann, ɗan Kanada da ya shahara da sharhin kyamarori a shafinsa na Luminous Landscape, ya fito daga baya ya amsa cewa ya ga wasu daga cikin waɗannan aibobi tun yana gwaji, ya sanar da kamfanin, aka roƙe shi ya dakata da ambatonsu har a bincika, shi kuma ya cire su daga sharhinsa. Ya amsa kuskurensa, kuma wannan abin a yaba ne. Amma mutane sun riga sun fitar da kuɗi bisa sharhin da suka ɗauka cikakke ne. Wanda aka ba kaya aro kafin kowa ya gani, ba kasafai yake son ɓata wa mai kayan rai ba, kuma har yau haka tsarin yake.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa lamarin bai tsaya ga ƙaramin kamfani mai ƙarancin kuɗi ba. Canon EOS 5D Mark II ta fito a ƙarshen 2008 da baƙaƙen ɗigogi a gefen dama na ƙananan fitilu masu haske, aka kashe maganar da sabuwar manhaja a Janairun 2009. Fujifilm X10 ta 2011 tana mayar da ƙyallin haske ya zama farin faifai mai kaifin baki. Manhaja ta kasa, sai a 2012 aka sake fasalin sansar aka riƙa sauya wa masu ita. Bambancin waɗannan biyun ya isa darasi: aibin da ke cikin lissafi ana aika maganinsa ta intanet, wanda ke cikin silikon kuwa sai an kwance kyamara.

Labarin Nikon D600 ya fi ɗaukar lokaci, kuma ya fi ɗaci. An fitar da ita a watan Satumba na 2012, mai ɗigo miliyan 24, a kan kimanin dala 2,100, farashin da ya sa sansa mai girman fim ɗin milimita 35 ta zo kusa da aljihun masu matsakaicin hali. Cikin makonni aka fara ganin tabo-tabo a hotuna, musamman a kusurwar sama ta hagu, kuma sun fi fitowa idan an tsuke ƙofar haske an ɗauki sararin sama. Ƙura a kan sansa ba sabon abu ba ne; duk wanda ya taɓa sauya gilashi a cikin hazon hunturu ya san ta. Amma wannan daga ciki take fitowa, domin tana taruwa ko da ba a taɓa cire gilashin ba. Roger Cicala na kamfanin ba da hayar kyamarori na Lensrentals a Amurka, wanda ke da su da yawa a hannu lokaci guda, ya ba da rahoton haka tun a watan Oktoba na shekarar. Wannan shaida ce mai nauyi, domin mutum ɗaya mai kyamara ɗaya ana iya cewa sakacinsa ne.

A Fabrairun 2013 Nikon ta fitar da sanarwa mai taka-tsantsan, tana ba da shawarar a goge ko a kawo a duba. A Oktoba na wannan shekara ta fitar da D610, kusan kyamara ɗaya ce da sabon labule, abin da masu D600 suka ɗauka a matsayin amsa laifi ba tare da furtawa ba, ga shi kuma darajar tasu ta faɗi a kasuwa. Aka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a Amurka. A Fabrairun 2014 kamfanin ya yarda zai sauya labulen kyauta ko da garanti ya ƙare. Sannan a ranar 15 ga Maris, 2014, gidan talabijin na gwamnatin Sin, CCTV, ya saka D600 a shirinsa na shekara-shekara na ranar haƙƙin masu saye. Hukumomi suka sa a daina sayar da ita a ƙasar, kuma kafin watan ya ƙare Nikon ta yi alkawarin ba da sabuwar kyamara ga wanda gyara bai yi masa amfani ba. Wata goma sha takwas ke nan daga fitowarta. Ba na jin injiniyoyin sun ɗauki tsawon wannan lokaci kafin su san inda matsalar take. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne lissafin asara, kuma shiri ɗaya na talabijin a babbar kasuwa ya sauya lissafin.

Duk waɗannan sun faɗa ne a kan masu rigegen saye, waɗanda suka zama zakaran gwajin dafi da kuɗinsu. Mu da irin waɗannan kyamarori suka fi iso mana a matsayin na hannu, bayan shekaru, muna da sauƙi ta wani gefe, tun da aibin ya riga ya bayyana. Ta wani gefen kuma muna iya gādon wadda ba a taɓa kaiwa gyara ba, a lokacin da ƙofar gyaran kyauta ta riga ta rufe.

Wannan ya dawo da mu ga Leica. A ranar 9 ga Satumba, 2009 ta fitar da M9, mai ɗigo miliyan 18, da gilashin tacewa mai kaurin milimita 0.8. Baƙi ya koma baƙi a yawancin hotuna, aka ajiye matatun da ake murɗawa a gaba. Bayan ƴan shekaru sai masu ita suka fara ganin wasu tabo masu fararen kewaye waɗanda goga ba ta fitarwa. Gilashin nan da ke shanye infared shi ne ke zaizayewa, laima na cin sa a duk inda rufin da aka shafa masa ya sami rauni. A 2014 kamfanin ya amsa matsalar ya ce zai sauya sansa kyauta komai tsufan kyamarar, a 2015 ya samar da sabuwar sansa mai gilashin da ba ya zaizaya. Daga watan Agusta na 2017 kyautar ta taƙaita ga kyamarorin da ba su wuce shekara biyar da saye ba, saura su biya. A 2020 kuma ya sanar cewa an daina ƙera sansar baki ɗaya, don haka babu sauran sauyi. Abin da kamfanin ya miƙa wa mai M9 da gilashinta ya ci a lokacin shi ne ya mayar da ita a yi masa rangwame a kan sabuwa.